Na samu Hilux mai fowil a Dogarawa wadda ta taɓa kifewa: in kwashe kayanta ne, ko yaya zan yi?

Abban Hafsa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara, musamman daga makanikai da waɗanda suka taɓa irin wannan aiki. Ina da Hilux tsohon yayi, RN85, mai injin fetur 22R, ƙafafun baya kaɗai ke ja. Kanta da bodinta lafiya lau, shekara tara ina tare da ita. Matsalata gona ce. Gonata tana bayan Maigana, in ka sauka daga kwalta sai ka yi tafiya a hanyar burji, sannan ka ratsa fadama. Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba motar nan ba ta shiga. Bara buhun taki goma sha biyu na sauke a bakin fadama, aka riƙa ɗauka a babur ɗaya-ɗaya, biyu suka jiƙe. To yanzu an nuna mini wata Hilux mai fowil, wato ƙafafu huɗu ke ja, a wani gida a Dogarawa, LN106, mai injin dizal 3L. Ta wani kamfanin gine-gine ce da aka yi gwanjonta, wanda ya saya kuma ya kife da ita a hanyar Pambeguwa. Kan ya lotse gaba ɗaya, damina biyu tana ajiye. Niyyata in saye ta, in cire giyabos da ogzilari (akwatin da ke raba ƙarfi zuwa gaba da baya) da farfela (sandar da ke kai juyi zuwa aksil) da aksil na gaba da na baya in mayar wa tawa. Me da me zan ciro, me zan duba kafin in biya?

Baba Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ka je ka gan ta da idonka, ko labari aka ba ka?

Abban Hafsa: Na je Baba, sau biyu. Tayoyi duk sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Injin yana ciki, giyabos yana ciki. Farfelar gaba ce kawai ba ta jiki, tana kwance a bodin baya. Mai motar ya ce tun da ya saye ta haka ya same ta.

Oga na Kwangila: Abban Hafsa, ka bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Aikin da ka lissafa ya fi ƙarfin yadda kake zato. Casis ɗin RN85 da na LN106 ba ɗaya ba ne, ko da yake in ka kalle su daga nesa kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Taka gabanta ba ta da aksil ko kaɗan, kowace ƙafa da hannunta take. Waccan kuwa aksil ne guda, miƙaƙƙe, yana zaune a ƙarƙashin sifirin mai ganye. In za ka sa shi a taka, sai an yanke duk mariƙan gaba, an yi waldar sababbin kunnuwan sifirin, an canza akwatin sitiyari da inda yake ɗaurewa, an sake mazaunin shokozoba. A baya ma haka: a taka aksil yana saman sifirin, a mai fowil yana ƙasansa, shi ya sa ta fi tsayi. Ko kusoshin taya ba su zo ɗaya ba, taka biyar, waccan shida. Kuma duk waldar nan a wurin da ran mutum yake za a yi ta. Kunnen sifirin ya kauce da faɗin yatsa ɗaya, mota ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya har ranar da za ka rabu da ita.

Ni da ni ne, juya maganar zan yi. Ba waccan ce za ta ba taka kaya ba, taka ce za ta ba waccan. Ka ɗaga kanka mai kyau da bodinka ka ɗora a kan casis ɗinta. Duk abin da kamfani ya haɗa, inji da giyabos da ogzilari da farfela da aksil, ya zauna a inda yake.

Ɗan Panteka: Oga ya faɗi gaskiya, amma akwai hanya ta uku. Me zai hana ya bar motar gaba ɗaya, ya zo nan Kaduna ko ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano a haɗa masa kayan Beljiyam ɗaya bayan ɗaya? Motar da ta kife ta kwana biyu a ruwan sama ai cinikin biri a sama ne.

Oga na Kwangila: Ɗan Panteka, kai ma ka sani manyan kaya ba su ne ke tsayar da irin wannan aiki ba. Giyabos a rana ɗaya za ka samo. Abin da ke sa mota ta shekara a gareji shi ne ƙananan: ƙarfen da giyabos ke zama a kai, sandar ogzilari da robarta, wayar birkin hannu, wayar mita da ke shiga jikin ogzilari, bututun birki, yubol, ɗan ƙarfen da ke riƙe salansa. Na taɓa yin wata huɗu ina neman sandar ogzilari ta irin wannan mota. Wanda ya sayi mota sukutum, duk waɗannan suna hannunsa, kuma yana ganin yadda kowanne yake zaune kafin ya taɓa shi.

Ɗan Panteka: Wannan kam haka ne, ban musa ba. Amma ya tabbatar casis ɗin bai murɗe ba. In ya murɗe, shawararka ta rushe tun daga tushe.

Oga na Kwangila: Shi ya sa ba za a biya ba sai an auna. Abban Hafsa, ka tafi da igiya ko tef mai tsawo. A hura tayoyin, a turo ta fili mai daidai. Ka auna daga kunnen sifirin na gaba hagu zuwa na baya dama, sannan na gaba dama zuwa na baya hagu. Awo biyun nan su zo ɗaya. Ka bi jikin casis da hannu da tocila, ka nemi inda fenti ya tattare ko ƙarfe ya yi ƙunci, musamman bayan kai da wajen akwatin sitiyari. Ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma kusa da kunnuwan sifirin na baya, nan ne laka ke taruwa ta ci ƙarfe ta ciki. Yawanci motar da ta yi birgima a hankali a gefen hanya kai ne ke shan wahala, casis ya tsira. Wadda ta daki abu da gaba ce ake tsoro.

Injiniya Samaru: Ina son a koma kan maganar da Abban Hafsa ya yi a wuce, domin ita ta fi tsaya mini a rai: farfelar gaba tana kwance a bodin baya. Ba a cire farfelar gaba haka kawai. Irin waɗannan motocin suna da hob a ƙafafun gaba mai FREE da LOCK, wanda ba ya son fowil murɗawa kawai zai yi ya saki gaban, ba sai ya shiga ƙarƙashi da sifana ba. Wanda ya cire ta, akwai abin da ya dame shi.

Dalilai uku nake zargi. Ko kurosinta ya mutu tana ƙara, wannan mai sauƙi ne. Ko ogzilari yana da matsala ta ɓangaren gaba. Ko kuma, wanda na fi tsoro, kirawun, wato babban faifan haƙora da ke cikin aksil, na gaba da na baya ba lissafinsu ɗaya ba. Bari in bayyana, domin mutane da yawa suna yin asara a nan. Ogzilarin wannan mota in ka sa fowil, ɗaure farfelar gaba da ta baya yake yi su juya tare, babu wani abu a tsakani da ke barin ɗaya ta fi ɗaya gudu. Saboda haka dole haƙoran kirawun da finiyon (ƙaramin mai haƙora da ke juya kirawun) na gaba su zo daidai da na baya. Toyota ta yi su iri-iri: akwai mai haƙora 41 a kirawun da 10 a finiyon, in ka raba ka samu 4.10, akwai 43 da 10, wato 4.30, akwai 41 da 9, wato 4.56, akwai 39 da 8, wato 4.88. Dukkansu a ido iri ɗaya ne, kuma kowanne zai shiga gidan ɗan uwansa ya ɗauru. Motar kamfani in kirawun baya ya lalace ana tsakiyar aiki, abin da aka samu a kasuwa ranar shi ake sawa. In aka sa 4.10 a baya alhali gaba 4.56 ne, baya za ta fi gaba gudu da kusan kashi 11 cikin 100. A taɓo tayoyi za su riƙa zamewa suna rage abin, amma a ƙasa mai tauri sai dai wani abu ya karye.

Abban Hafsa: Injiniya, to yaya zan gane ba tare da na kwance ba? Mai motar ba zai yarda a buɗe masa kaya kafin ciniki ba.

Injiniya Samaru: Ba sai an buɗe ba. Da farko ka duba ɗan farantin ƙarfe da ke cikin ɗakin inji, akwai layin da ya rubuta giyabos da aksil. In ka ga G252, kamfani 4.56 ya sa mata. G292 shi ne 4.10, G282 kuma 4.30. Amma farantin yana faɗa maka abin da ta fito da shi ne, ba abin da ke ciki yau ba. Don haka sai ka gwada. Ka sa giya a firi, ka ɗaga ƙafa ɗaya ta baya da jak, ɗayar tana ƙasa. Ka sa alamar alli a taya da kuma bakin finiyon inda farfela ke ɗaurewa. Ka juya tayar sau 20 cif, wani yana ƙirga juyin farfela. In ta yi 41, to 4.10 ne. In ta yi 45 da rabi da ɗan ɗoriya, 4.56 ne. Sai ka koma gaba, ka murɗa hob biyun zuwa LOCK, ka ɗaga ƙafa ɗaya, ka sake ƙirgawa. Aikin rabin awa ne. Ka sa duwatsu a sauran tayoyin kafin ka ɗaga.

Yaron Gareji: Oga Injiniya don Allah me ya sa sau 20? Ni an koya mini sau biyu.

Injiniya Samaru: Biyun ma daidai ne ƙanena, amma tsakanin 4.30 da 4.56 bambancin rubu'in juyi ne kawai, ido yana iya ruɗuwa. In ka ninka sau goma, bambancin ya zama juyi biyu da rabi, babu gardama.

Hajiya Mai Masara: Ku gafarce ni, ni ba bakanikiya ba ce, amma motoci biyu nake da su suna ɗauko mini hatsi daga Giwa da Makarfi, kuma ni ke biyan kuɗin mai. Abban Hafsa, ka yi lissafin dizal? Ko bayan cire tallafin fetur a 2023, dizal bai zama abu mai araha ba. Kuma 22R ɗinka ko yaron da ya shekara ɗaya a gareji zai wanke maka kafireto a bakin hanya. Famfon dizal kuwa in ya tashi, sai ka nemi masu shi na musamman, kuma ba sa tausayi. Me zai hana ka ɗora injinka na fetur a kan casis ɗin, ka sayar da na dizal ɗin ka rage kuɗin da ka kashe?

Baba Tsohon Direba: Hajiya, ina girmama lissafinki, amma a nan ban bi ki ba. Na yi shekara ashirin da shida ina tuƙa wa ma'aikatan gona, na shiga ƙauyukan Soba da Ikara da Kubau da damina ba adadi. A taɓo ba gudu ake nema ba, inji ake nema da zai riƙa ja a hankali ba ya mutuwa. 3L ba shi da gudu, ƙarfinsa bai wuce doki 90 ba, a hanyar Kano ƙananan motoci za su yi ta wuce ka. Amma ka sa shi a L4, wato fowil mai ja a hankali, giya ta biyu, ka ɗauke ƙafarka daga totur, zai yi ta tafiya kamar saniyar huɗa. Sannan ba shi da disbuto balle ruwa ya fantsama ya kashe maka mota a tsakiyar rafi. Kuma lita ɗaya ta dizal ta fi lita ɗaya ta fetur nisa, musamman da kaya. Abu biyu kawai yake so: kada ya yi zafi, domin tof silindarsa na tsagewa, kuma a canza belin taimin kowane kilomita 100,000. Wannan da aka ajiye damina biyu, ko an ce maka jiya aka sa belin, ka canza.

Hajiya Mai Masara: Baba, ai wata uku ne kawai taɓon. Sauran wata taran fa? A kan kwalta zai yi su, yana sayen dizal.

Baba Tsohon Direba: Wata ukun nan su ne noman, 'yata. Takin da bai isa gona a kan lokaci ba, ko ka kai shi daga baya masara ta riga ta yanke hukunci.

Oga na Kwangila: Ku bar ni in shiga tsakani. Abin da Hajiya ta ce yana yiwuwa, an sha yi. Amma ba ɗauka-ka-ajiye ba ne. Ƙwaryar da ke haɗa inji da giyabos ta dizal daban, ta 22R daban, sai an nemo wadda ta dace, da kuloci, da mazaunin inji, a kuma wanke tanki ko a canza shi. Shawarata kada a yanke wannan hukunci yanzu. A fara jin lafiyar 3L ɗin. In yana da rai a bar shi. In ya mutu, ga 22R a hannu, sai a bi hanyar Hajiya. Shi ya sa nake roƙonka Abban Hafsa, kada ka sayar da ko noti ɗaya daga motocin biyu sai sabuwar ta yi wata guda tana tafiya.

Kuma ga gargaɗi: kada kowa ya sa batir ya murɗa makulli a kan injin nan. Motar da ta kife, baƙin mai yana gangarowa ya taru a saman fistin. In ka buga kik a haka, mai ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. A cire fulogin hita guda huɗun, waɗanda ke ɗumama silinda kafin injin dizal ya tashi, a sa sifana a kan fulin gaba a juya da hannu sau biyu ko uku. In ya juya sumul, sai a buga kik ba tare da fulogin ba, ya tofar da abin da ke ciki. Ka kuma tambayi mai motar: da ta kife, injin ya mutu nan take ko ya ci gaba da aiki a kife? In ya daɗe yana aiki ba mai a ƙasa, sai an buɗe an duba metal, wato boris ɗin da ke ƙasan inji.

A giyabos da ogzilari da aksil biyu, ka sassauta notin juye mai kaɗan. Ruwa ya fi mai nauyi, in akwai shi, shi zai fara ɗigowa. Mai in ya koma kalar koko, ruwa ya shiga. Notin yana da maganaɗisu a kansa: baƙin gari mai laushi ba komai, amma in ka ga ɓarɓashi da za ka iya ji a yatsa, haƙori ne ko boris ke ci.

Rewaya Muchiya: Ni ɓangarena zan yi magana, domin kullum mu ake kira daga ƙarshe bayan an riga an yanka. Don Allah kada a sa almakashi ko filaya a wayarin motar da ta kife. In za a ɗora kan RN85 a kan injin dizal, wayarin kan fetur ba shi da layin hita, ba shi da rile da agogon hita, ba shi da fitilar da ke nuna ruwa a matatar dizal. Duk waɗannan suna cikin lotsattsen kan nan da kuke kallo kamar shara. A ciro wayarin gaba ɗaya daga bayan dashbod har ɗakin inji, soket bayan soket, da akwatin fis, da mita, da makulli. Kowane soket a liƙa masa tef a rubuta inda ya fito, a ɗauki hoto da waya kafin a zare. Sa'ar da ka yi ita ce 3L ba shi da birenbos, wato kwamfutar inji, famfonsa waya ɗaya yake so ta buɗe masa mai. Amma ɓeraye su ma suna da nasu aikin a motar da ta yi damina biyu a ajiye, sai an shimfiɗa wayarin a ƙasa an bi shi.

Sannan altanetar dizal ɗin kada a musanya ta da ta fetur. A bayanta akwai ɗan famfon iska, shi ke zuƙo wa tukunyar birki iskar da ke sa birki ya yi laushi. Injin fetur da kansa yake samar da wannan, dizal ba ya yi. Na ga wanda aka haɗa wa mota aka manta da shi, ya fito gareji ya taka birki ya ji kamar dutse ya taka.

Yaron Gareji: Matatar dizal mai famfon hannu ma a jikin kai take ɗaure, a ciro ta da ƙarfenta. Da fedar kuloci da wayar totur.

Oga na Kwangila: Madalla da yaron nan. Har da sandar sitiyari, da madigadin gaba in sun tsira, domin na mai fowil bakinsu ya fi faɗi. Ƙasan kan kuma sai an huda wa sandar ogzilari. A auna ramin daga tsohon kan, kada a yi da ka. Mazaunan kai yawanci suna zuwa daidai tunda yayi ɗaya ne, amma a auna kafin a ɗaga.

Malam na Tudun Wada: Duk kun yi maganar ƙarfe, ba wanda ya yi maganar takarda. Abban Hafsa, in ka bi shawarar Oga, ka sani motar da za ka riƙa hawa a idon hukuma waccan ce, ba taka ba, domin lambar casis a jikin ƙarfen casis aka buga ta. Za ka zo shingen bincike da kai mai faranti ɗaya, casis mai wata lamba, inji mai wata. Don haka ka karɓi takardun motar na asali, da takardar gwanjon da kamfanin ya bayar, da takardar kwastam. A rubuta yarjejeniya da lambar casis da lambar inji a ciki, da shaidu biyu, in da hali a gaban mai unguwa. Ka sa a duba maka wajen 'yan sanda cewa ba a kai rahoton sata a kanta ba. Sannan ka je ofishin lasisi ka faɗa musu abin da za ka yi tun kafin ka yi, a canza suna da launi a takarda. Kada ka bari wani ya ce zai ciro faranti ya manna maka, ko ya goge lamba ya buga wata. Wani maƙwabcina ya sayi inji a hannun wani ba rasit, ya yi sati yana zarya kafin ya wanke kansa, kuma injin bai dawo hannunsa ba.

Ɗan Panteka: Malam ya gama magana. Mu ma a kasuwa duk wanda ya kawo inji ba takarda ba ma taɓawa.

Abban Hafsa: Allah ya saka wa kowa da alheri. Gaskiya raina bai so ba da farko, domin na saba da motata, ina ganin kamar rusa ta za a yi. Amma na fahimta. Oga, in kana da sarari ranar Asabar bayan azahar mu je tare, in ɗauke ka a Kwangila.

Oga na Kwangila: Allah ya kai mu. Ka zo da famfon taya da alli. Zan taho da jak da yaro ɗaya.

Abban Hafsa: Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto kamar yadda ya kamata. Mun je jiya, mun yi kusan awa uku. Casis lafiya, awo biyun bambancinsu bai kai faɗin farce ba, tsatsa kuma ta sama ce. Mun cire hita, silinda ta uku da ta huɗu sun tofo baƙin mai kamar rabin kofin shayi. Da an buga kik yadda mai motar ya so a yi tun farko don ya nuna mana tana tashi, da an yi ɓarna. Bayan nan muka sa batir da dizal a galan, ya tashi a bugu na huɗu, ya yi hayaƙi na ɗan lokaci ya washe. Giyabos da ogzilari mansu baƙi ne amma ba ruwa. Aksil na gaba akwai ruwa kaɗan.

Injiniya, zarginka ya tabbata. Faranti ya ce G252. Gaba ta ba mu 45 da rabi. Baya ta ba mu 41 cif, sau biyu muna maimaitawa. Da na nuna wa mai motar, ya yi shiru, sannan ya ce shi bai taɓa sa fowil ba balle ya sani, kuma na yarda da shi. Ya rage mini kuɗin kirawun daga farashin. Takardun gwanjo da na kwastam suna nan, na gani, lambobin sun yi daidai da na jikin ƙarfe.

Yanzu tambayata: in nemo 4.10 in sa a gaba, ko 4.56 in sa a baya?

Injiniya Samaru: Alhamdu lillahi. Ka nemi 4.56 ka sa a baya. Kai mai ɗaukar kaya ne, injin kuma ba mai ƙarfi sosai ba, 4.56 zai ba ka sauƙin tashi da buhu goma a baya, kuloci ma zai fi daɗewa. Mitar gudunta ma da shi aka saita ta. Kuma a wannan mota kan aksil na gaba da na baya girmansu ɗaya, inci takwas, don haka wanda ka cire kada ka yar, yana da masu nema.

Oga na Kwangila: Ka sayi kan aksil ɗin sukutum a haɗe, kada ka sayi kirawun da finiyon tsiraru, saitinsu ba aikin kowa ba ne. Kuma ka ƙirga haƙoran da yatsanka a gaban mai shagon, 41 da 9. Na gaban ma sai mun buɗe mun wanke saboda ruwan nan, mu duba boris da ƙwallayen da ke cikin gwiwa, mu sa sabon giris da sil. Robobin birki huɗu da bututansu na roba duk sababbi za a sa, ba na jayayya a kan wannan. Ranar ɗaga kai kuma da cenbulok za a yi, ba da samari takwas ba, kuma ba mai shiga ƙarƙashi a kan bulo.

Hajiya Mai Masara: To Allah ya sanya alheri. In ta yi watan nata ka tashi sayar da 22R ɗin, ni ce ta farko, ɗaya daga cikin motocina tana shan baƙin mai.

Ɗan Panteka: Akwai kan aksil biyu a shagon maƙwabcina, na ga ɗaya kamar finiyonsa mai haƙora tara ne. Gobe da safe zan ƙirga in turo maka hoto.

Abban Hafsa: Na gode. Hajiya, na riƙe. Janwe zai ɗauko ta ranar Talata da safe zuwa garejin Oga. Rewaya, in za ka samu zuwa ranar, Oga ya ce ba za a taɓa dashbod ba sai kana wurin.

Rewaya Muchiya: Ina nan tafe in sha Allahu, ƙarfe goma. A tanadar mini tef na takarda da biro.